Hauwa'u Biyu a Kati Ɗaya

Ran nan wani daga cikinku ya tsaya a bayana yana leƙen gilashin kwamfutata. Ya ga layuka kore shar daga sama har ƙasa, sai ya yi dariya ya ce, "Baba Sanusi, ashe aikin naku zama ne kawai cikin sanyi. Abu in ya faɗi shi ke tayar da kansa." Ban tanka masa ba, don bakina cike yake da gyaɗa a lokacin. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ku da kuka koyi umarni biyar a bidiyo kuka ɗauka kun gama da sana'ar. Koren nan da yake burge ku, na taɓa ganinsa shar haka a ranar da aikin hannuna ya kusa kashe wata mata mai jego.

Bari in fara da abin da muke gadi, don wasunku har yau ba su bambance ba. Manhajar da ma'aikata ke buɗewa su yi aiki, yanzu ba a dasa ta a kan inji guda. Ana ƙulle ta da duk tarkacenta a cikin abin da muke kira kwantena, a miƙa ta ga sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke haɗa kai su yi aiki tamkar guda ɗaya. In saba ɗaya ta mutu, kwantenar ta tashi a kan wata kafin ka ƙifta ido. Wannan ɓangaren ne yake ruɗar ku. Kwantena kamar ɗan ƙwadago take, in wannan bai zo gona yau ba sai ka ɗauki wani. Amma ba ta riƙe komai a kanta. Duk abin da aka rubuta yana cikin ma'ajiya, ita kuwa ma'ajiya rumbu ce, ba a sake ta da safe ɗaya. Aikina shekara da shekaru shi ne rumbun nan: in tabbatar akwai kwafinsa a wuri fiye da ɗaya, kwafin duk sun yarda da juna, kuma in wani ya faɗi ba a rufe wa jama'a ƙofa ba.

Aikin farko da maigidana Malam Garba ya ba ni shi ne liƙa takarda a jikin waya. Mutumin Rawayya ne, ya daɗe yana aiki a ɗakin kwamfuta na wani babban kamfani a Kaduna kafin ya dawo gida. Na zo masa da takardar shaidata ina ji da kaina, ya karɓa ya ajiye a ƙarƙashin kofin shayinsa, ya miƙo mini salatif da biro. Wata uku ina bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta inda kowace ta fito da inda ta nufa. Ranar da ya ga na fara gundura, sai ya zo da rana tsaka, mutane na tsakiyar aiki, ya kama wayar wutar ɗaya daga cikin sabobinmu uku ya fizge. Ya harɗe hannu ya ce, "To, wagga ta mutu. Hwaɗa min, mi za ya hwaru yanzu?" Babu abin da ya faru, aiki ya ci gaba a kan sauran biyun. Ya ce, "Ka gani? Abin da ba ka kashe da hannunka ka ga ya tashi ba, kak ka yarda za ya tashi."

A wurinsa na koyi dalilin da ya sa muke son sabobi uku. Ana yin haka ne don a samu masu rinjaye. In biyu suna jin juna, su ke da magana. Wadda ta tsinci kanta ita kaɗai dole ta kama bakinta: ta bari a karanta abin da ke cikinta, amma ta ƙi karɓar sabon rubutu, tunda ba ta san abin da 'yan'uwanta suka rubuta a bayan idonta ba. Akwai umarnin da ake tilasta mata ta ɗauki kanta a matsayin shugaba, ta ci gaba da rubutu ita kaɗai. Malam Garba ya nuna mini shi sau ɗaya, sannan ya riƙe kunnena kamar ƙaramin yaro, alhali ina da gemu. Ya ce, "Saba in ta ƙi rubutu, ba taurin kai na ba, hankali na. Kak ka tilasta ta." Abu na biyu da ya cusa mini shi ne, kafin ka haɗa ma'ajiya biyu, ɗauki kwafin kowace a faifai daban ka jefa a durowa ka kulle. Daga baya idonsa ya yi rauni, ya koma Rawayya yana noman dawa, ya bar mini jakarsa.

Jakar tana nan har yau. Akwai sukudireba uku, mitar auna wuta, burushin fenti, salatif, faifan ajiya na ko-ta-kwana, da littafi mai bangon katako. Kuna dariyar burushin. A Bungudu na taɓa samun saba tana zafi tana kashe kanta kullum da azahar, na kwana biyu ina zargin manhaja, ashe zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a bakin fanka. Rabin sana'ar nan batir ne da sola da ɓera da rufin da ke yoyo.

Babban aikin da na yi a rayuwata na wani likita ne da ba zan ambaci sunansa ba. Yana da asibitin haihuwa a Gusau, da reshe a Tsafe, da wani a Bungudu. Yana son mace in ta yi awon ciki a kowane reshe, duk inda ta je a buga lambar katinta a ga komai: awonta, magungunanta, da rukunin jininta. Na ce masa saba uku za mu sa, ɗaya a kowane gari. Ya ce, "Injiniya, inji uku don aikin inji ɗaya?" Sai na yi masa irin ta Malam Garba. Bayan mun kafa, mai yankan kati na cikin bugawa, na fizge wayar sabar Gusau a gaban idonsa. Likita ya dafe ƙirji. Mai yankan kati ko ɗagowa bai yi ba. Daga ranar ya shiga gari yana cewa kwamfutar asibitinsa ba ta faɗuwa. Cikin shekara guda aka daina cika babbar rajistar takarda, katin da ake ba mace ya koma suna da lamba kawai, sauran duk yana gilashi. Ni kuwa kaina ya yi girma, ba zan ɓoye muku ba.

Sai ga shekarar da aka rufe sabis ɗin waya a jihar nan saboda matsalar tsaro. Waɗanda suke nan sun tuna, mutum sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya kira ɗan'uwansa. Tsakanin Gusau da Bungudu eriyarmu ce ta kanmu, na kafa ta a kan dogon ƙarfe, don haka waɗannan biyun suka ci gaba da jin juna. Tsafe kuwa dutsen Kwatarkwashi ya tare hanyar eriya, dole muka dogara da layin kamfanin waya. Ana rufe sabis sabar Tsafe ta tsinci kanta ita kaɗai, ta yi abin da aka gina ta ta yi. Ta ƙi rubutu.

A rana ta uku wani direban bas ya kawo takarda daga Sista Rabi, babbar ungozomar reshen Tsafe. Ta rubuta cewa mata sun cika benci, ba a iya yankan sabon kati, ba a iya shigar da awo. Likita ya kira ni ofishinsa ya ajiye takardar a gabana. Na ce, "Ranka ya daɗe, su koma rajistar takarda har sabis ya dawo." Ya ce, "Wace rajista? Ba kai ka sa muka ajiye ta ba? Ka ce mini abin nan ba ya tsayawa. Akwai hanyar da za a sa ta yi aiki ko babu?" Na ce akwai, amma ba a so. Ya ce, "Mako ɗaya ne ko biyu, Injiniya. Je ka buɗe musu."

Na hau bas da safe. Shingen jami'an tsaro ya sa tafiyar ta ninka, kowa a motar ya yi tsit yana kallon daji. Sista Rabi ta tarye ni a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Ta ce, "Injiniya, injin ga naka ya shiga yajin aiki. Dubi matan ga, wasu tun asuba sunka taso." Na shiga ɗan ɗakin da sabar take, na buɗe kwamfutata, na buga umarnin da aka riƙe kunnena a kansa. Sabar ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ta sake tambaya, har da gargaɗi da jan rubutu. Na sake cewa na tabbata. Duka-duka bai kai lokacin shan kofin ruwa ba. Mai yankan kati ya yi kabbara, matan benci suka shiga sa mini albarka. Na ci shinkafa da wake a bakin titi, na hau mota ina jin na yi abin kirki.

Muna daidai Kwatarkwashi abin ya faɗo mini. Lambar kati inji ne ke bayarwa, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka yanke, ɓangarorin biyu sun tsaya a lamba guda. Yanzu Tsafe za ta ci gaba daga nan, Gusau da Bungudu ma za su ci gaba daga nan, wato kowace sabuwar lamba mata biyu za a ba. Gyaran na minti goma ne, in tura lambobin Tsafe can gaba nesa. Amma la'asar ta kawo jiki, kuma a lokacin ba mai son hanyar nan in rana ta sunkuya. Na lallashi kaina da cewa manhajar da za ta haɗa su daga baya tana da wayo. Takan duba lamba, da suna, da shekaru. In lamba ɗaya ce amma suna daban, sai ta tsaya ta tambaye ni. Sai in duka ukun sun yi daidai ne take ɗauka mutum ɗaya ne, ta riƙe rubutun ƙarshe ta share na farko. Na ce a raina, ta yaya mata biyu za su haɗa lamba, su haɗa suna, su haɗa shekaru? Ni na faɗi haka, ni da aka haifa a Gusau, ni da har mahaifiyata ta rasu ban taɓa jin ta kira sunan mahaifina ba.

Mako biyun Likita ya zama watanni. Na koma Tsafe sau biyu canjin batir, kowane zuwa in tuna da lambobin in ce ai an riga an yi nisa, manhaja za ta tace. Da sabis ya dawo, na ɗauki kwafin kowane ɓangare a faifai na jefa a durowa, ba don ina tsoron komai ba, don dai hannuna ya saba. Sannan na haɗa. Manhajar ta tsaya a wurare da yawa inda suna ya bambanta, na kwana uku ina ba matan Tsafe sababbin lambobi. Sauran suka wuce shiru. Gilashi ya yi kore, sabobi uku suka yarda da juna, Likita ya yi mini kyautar shadda.

Ranar wata Juma'a, bayan kamar wata guda, ina asibitin Gusau ina ɗaura sabon batir a ɗakin saba, wanda bango ɗaya ya raba shi da ɗakin gwajin jini. Ana shirin tafiya masallaci aka shigo da wata mata daga Kekun Waje, sunanta Hauwa'u. Ta haihu da safe, jini ya ƙi tsayawa, reshen Bungudu suka turo ta. Mijinta Haruna, wani dogon manomi, yana riƙe da katinta a hannu ya jiƙe shi da gumi. Aka buga lambar, gilashi ya nuna komai, har da rukunin jininta da aka gwada lokacin awo. Mai gwajin jini, wani dattijo Malam Isa, ya riga ya tafi masallaci, ya bar makullin firijin ajiye jini a wurin nas. Likita ya dubi matar, ta yi fari fat, leɓenta ya bushe. Ya ce ba za a jira ba, gwajinmu ne, a na'urarmu yake. Aka ɗebi jininta kaɗan a kwalba aka ajiye wa Malam Isa a tebur, aka ɗauko ledar jini daidai da abin da gilashi ya ce, aka rataya.

Malam Isa mutum ne da muka daɗe muna tsokana. Yana da wani farin tayil da yake ɗiga jini a kai ya zuba maganin gwaji ya juya da tsinke, ko da kwamfuta ta riga ta faɗi amsa. Nakan ce masa, "Malam, zamani ya wuce tayil ɗin nan." Yakan ce, "Ni abin da idona ya gani ni ka yarda da shi." Ranar ya dawo da dardumarsa a kafaɗa, ya ga kwalbar a tebur, ya ɗiga. Ta bangon na ji ya yi salati. Na ji ya sake ɗigawa. Sai ga shi ya fito a guje, takalmi ƙafa ɗaya, dattijon da ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa ba, yana ihu, "Ku tsai da jinin ga! Ku tsai da shi! Ba nata ba na!"

Na bi shi da sifana a hannu. Ledar ta sauka kamar faɗin yatsa biyu. Hauwa'u ta riga ta fara rawar ɗari, gadon har kaɗawa yake, tana riƙe bayanta tana nishi. Nas ta fizge robar ƙarin jinin, Likita ya shiga ba da umarni, aka kore mu waje. Haruna ya kama rigata don ya gan ni da kayan aiki, ya ce, "Malam, mi anka yi mata? Yanzu hwa taka magana da ni." Ni ma ban sani ba tukuna.

Da abin ya ɗan lafa, Likita ya fito ransa a ɓace, yana cewa masu gwajin Bungudu sun yi ganganci, sai ya kori mutum. Malam Isa ya ce a buɗe bayanin a ga wanda ya yi gwajin. Ni na buɗe. Suna Hauwa'u Muhammad, shekara ashirin da biyar, lamba daidai da ta katin. Na gangara ƙasa inda ake rubuta reshen da aka yi gwaji da ƙananan haruffa. Tsafe. Na karanta sau uku. Na juya na tambayi Haruna ko matarsa ta taɓa zuwa awo Tsafe. Ya ce, "Tsahe? Mi za ta yi Tsahe? Bungudu taka zuwa. Gusau ma yau na zuwanta na biyu." Na ce, "Sunanka Muhammad?" Ya ce, "Haruna ni ke."

Na zauna a kan bencin marasa lafiya. Na tuna motar nan a Kwatarkwashi, na tuna minti goman da ban yi ba. A kan cinyata kwamfutar na buɗe, layukan duk kore. Saba uku, gari uku, ba wadda ta faɗi ko na daƙiƙa ɗaya, kuma dukansu sun haɗa baki a kan jinin da ba na matar nan ba. Abin da na gina don kada a rasa bayani shi ya kwafe kuskurena wuri uku ya adana shi da kyau.

Ban bari a kori kowa ba. Na shiga wurin Likita na rufe ƙofa na ce, "Ranka ya daɗe, ba Bungudu ba ne, ni ne." Na bayyana masa. Ya ce ai shi ya tura ni Tsafe. Na ce shi ya ce in buɗe, amma lamba aikina ce, na tuna da ita na bar ta. Sannan na nemi abin da ban taɓa nema ba a sana'ata: izinin in kashe komai. Da hannuna na rufe manhajar a rassa uku, aka kakkaɓe tsofaffin rajistoci. A daren ranar aka wuce da Hauwa'u babban asibiti, don fitsarinta ya koma baƙi, ana tsoron ƙodarta.

Washegari na tafi Bungudu na zauna kusa da mai yankan kati, abin da ban taɓa yi ba duk shekarun da na yi ina gadin faifai. Wata mata ta zo, ya tambayi sunanta ta faɗa. Ya ce sunan maigida fa? Ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya kai. Bai ko jira ba ya buga Muhammad. Na ce, "Me ya sa ka yi haka?" Ya dube ni kamar baƙo. Ya ce, "Injiniya, matan ƙauye ba su hwaɗin sunan miji, kai ma ka sani. Injin kuma ba shi wucewa in ba a cike gurbin ba. Mi za ni yi? Ai kowane namiji Muhammad na." Na ce shekaru fa? Ya ce, "In ta ce ba ta sani ba, sai in dube ta. Yarinya ashirin, matsakaiciya ashirin da biyar, babba talatin." Na aika Tsafe, amsar ɗaya ce. Ba wanda ya koya musu, kowa dabararsa ce ta kai shi. Sunayen matanmu kuwa nawa ne? Hauwa'u, A'isha, Hadiza, Fatima, Maryam. Manhajar an rubuta ta ne a ƙasar da mace ke faɗin sunan mijinta ba ko gezau, ta kuma san ranar haihuwarta. Ni da na san garina ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Faifan nan biyu na cikin durowa su suka cece mu. Na buɗe su gefe da gefe na bi lamba bayan lamba da biro, kamar zamanin liƙa takarda. Na samu wuri tara inda mata biyu suka zama ɗaya. Kowane na samu sai na tashi na sha ruwa. Aka bi su gida-gida aka sake gwada su, Sista Rabi ta ɗauki na Tsafe, ni da wata nas muka ɗauki na Bungudu. Duk wannan ina yi ne da rabin hankali, rabin yana gadon da Hauwa'u take. Kwana tara ina zuwa bakin ɗakin in tambayi nas in koma, ba na iya haɗa ido da Haruna da ke zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiya. A rana ta goma aka ce fitsarin ya washe, ta sha kunu, ta nemi a kawo mata jaririyarta. Na fita bayan gini na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

To ku da kuke cewa abu in ya faɗi shi ke tayar da kansa, ku ji. Tayar da kwantena ba aiki ba ne, injin ke yi. Aikin shi ne ka san ranar da za ka bar saba a kulle ko da mai gida na yi maka tsawa, ko da benci ya cika. Yanzu kowane reshe da harafinsa a gaban lamba, manhaja ba ta share komai sai mutum ya duba, ana rubuta ƙauye da unguwa, gurbin sunan miji kuma an yarda a bar shi fayau. Ba a rataya jini sai ya bi ta tayil ɗin Malam Isa, kuma na daina tsokanarsa.

Bayan an sallame ta da 'yan makonni na ɗauki sabon katinta na hau babur zuwa Kekun Waje. Lokacin hunturu ne, an riga an gama ɗaurin gero. Haruna ya gane ni, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya sa aka kawo fura. Ya zaci cikin waɗanda suka ceci matarsa nake. Ya shiga ya kamo wata ƙatuwar zabuwa, ya riƙe ƙafafunta yana neman igiya, yana cewa, "Ba mu da abin biyanku, sai dai Allah shi biya."

Na ce, "Malam Haruna, dakata. Jinin da aka sa mata wanda ba nata ba, ni na jawo." Na faɗa masa da Hausar da zai gane, cewa akwai wata mata a Tsafe mai irin sunanta, na bari aka ba su lamba ɗaya, inji ya ɗauke su mutum guda.

Ya ce, "Kai ka yi?"

Na ce, "Ni na yi."

"Ka san za ya iya hwaruwa?"

Na ce, "Na tuna a hanya, ban koma ba."

Ya buɗe hannunsa ya saki zabuwar, ta ruga bayan rumbu tana kuka. Ban ga laifinsa ba. Furar na gabana na kasa sha. Can ya ce, "To, ka dai zo da ƙahwarka." Ya karɓi katin ya juya shi, ya ce in karanta masa. Na karanta: Hauwa'u Haruna, Kekun Waje. Ya gyaɗa kai ya sa a aljihu.

Ashe duk maganar nan Hauwa'u tana tsaye a bayan danga, goye da jaririyar, tana ji. Ta yi gyaran murya, mijin ya ce ta yi magana. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da ya dace da ni. Muryarta ba ƙarfi, ta ce, "Malam, ita waccan takwarar tawa ta Tsahe, da anka haɗa mu, ta haihu lahiya?"

Na san rukunin jinin matar, na san nauyinta, na san awonta na kowane wata, kwafi uku a gari uku, amma ban taɓa tambayar ko ta sauka lafiya ba. Na ce, "Ban sani ba, amma zan kawo miki labari."

Washegari da sassafe na hau motar Tsafe.